Gonar Maƙwabci

Goggo Hure tana tsintar wake a tsakar gida wayar Aina'u ta fara ruri. Munir ne, ɗan Goggo, daga ƙasar waje, inda ya je koyon gyaran injinan noma. Aina'u 'yar ƙanen Hure ce, kuma ita aka yi wa baiko da Munir kafin ya tafi.

"Tsaya, kar ki ɗaga a nan!" Goggo ta ce. "Ruga gonar maƙwabcinmu Malam Khalilu."

"Goggo, wallahi ina jin tsoron Allah."

"Ni ce ba na ji? Yaro ya gama kwas, an ce za a ba shi izinin zama ya yi aiki. Kina so ya watsar ya dawo jinya?"

Munir ya riga ya faɗa musu: in Baba lafiya, gona lafiya, zai karɓi aikin; in ba haka ba, gida. To, tun farkon damina ɓarin jikin mahaifinsa, Baba Hashimu, ya shanye, gonarsa ta koma ciyawa da wuta-wuta. Shi ya sa duk kiran bidiyo sai Aina'u ta tsaya cikin geron maƙwabci tana murmushi, a ce Baba ya tafi kasuwar Dawanau. Baba kam ya sha zuwa Dawanau a bakinsu, alhali ko zaure ba ya iya kaiwa.

Abin yana cin ranta. Ita ke ba shi kunu, kuma kalma ɗaya ce ke fita daga bakinsa sosai: "Munir."

Ta isa gonar ta kira shi.

"Amaryata! Gobe zan je ofis in amsa musu. Juya kyamara in ga geron Baba."

Ta juya kyamarar har bakin gonar ya fito. Ya ƙura wa iyakar ido.

"Aina'u, yaushe Baba ya fara shuka riɗi a bakin gona? Tun ina ƙarami zoɓo yake jerawa a iyaka, bai taɓa sakewa ba. Gonar wa kike nuna min?"

Kuka ya ƙwace mata. Ta durƙusa a tsakanin kunyoyin geron ta faɗa masa komai.

"Haba Aina'u! Ke ma? Da ya rasu ina can ina ɗaure noti, da wane ido za ki kalle ni?"

Ya kashe wayar. Ta ci gaba da jinyar Baba, ba kira, ba saƙo, ba ta kuma ga laifinsa ba. Goggo ta daina haɗa ido da ita.

Ana yankan gero sai ga Munir da jaka ɗaya. Ashe da ya yi wa masu aikin bayani sun yarda ya fara bayan wata uku, abin da Goggo ba ta taɓa zaton ana yi ba. Ta rushe da kuka. "Ka yafe mana, ɗan nan. Son ka ne ya ja."

Ya tarar da Aina'u riƙe da kofin kunu. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ba ni, ki huta."

Aka ɗaura aure Baba yana jingine a zaure yana ji. Bai kai ƙarshen kaka ba. A hannun ɗansa ya cika.

Wanda kake so, faɗa masa gaskiya ka bar shi ya zaɓa. Da Aina'u ta ƙara murmushi ɗaya a gonar nan, da kabari Munir zai tarar.