Gishirin Kaka Asama'u

Ranar da Mu'awiya ya kai shinkafar babansa kamfanin casa a Lafia, Zuhra ce a kan sikeli. Ta damƙi shinkafar ta ce ba ta bushe ba, ya koma ya shanya. Washegari ya dawo, jibi ma ya dawo ba ko buhu, har ma'aikata suka sa masa suna Mai Jiƙaƙƙiya.

Wata uku ke nan yana kiranta Zuzu, sai babansa, Malam Ɗanmusa na Adogi, ya ce matan gidansa gonar gida suke zuwa, ba ya son surukar da wani ƙato zai riƙa biya albashi.

Mu'awiya ya zaci ya samo dabara. Ya tura mata saƙo:

"Zuzu tawa, ki ajiye aikin. Ni zan riƙa ba ki albashinki duk wata, har da ƙari."

Ta amsa: "Miji nake so, ba oga ba. Je ka Awe ka tambayi Kaka."

Daga nan ta daina ɗaukar wayarsa.

Ya samu Kaka Asama'u a gaban tukunyar dafa gishiri, hayaƙi ya rine mata ido. Ta gaya masa a wurin uwarta ta gaji filin gishirin nan, ba ta taɓa yi wa kowa aiki ba. 'Yarta Rahmatu, uwar Zuhra, ta gudu wa hayaƙi ta kama shara a ofishin gwamnati, shekara goma sha takwas ba ta yi fashi ba sai da ciwo ya kwantar da ita bara, Allah ya jiƙanta. Ita kuma Zuhra ta zaɓi kamfani, inda ba gado ba fansho.

"Ɗan nan, kowaccenmu ta raina aikin uwarta," in ji Kaka, "amma babu wadda ta zauna."

Da ya mayar da maganar a gida, mahaifiyarsa Juwairiyya ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Malam, shekara talatin ina noma gonarka, ko buhu ɗaya ba a taɓa kira da sunana ba. Ka bar yarinyar nan."

Malam Ɗanmusa ya tambaya ko an sayi gishirin kayan sa rana. Aka ce tukuna. Da kansa ya tafi Awe ya saya a hannun Kaka, ita kuma ta ƙi yi masa ragi.

Ran nan saƙon Zuhra ya shigo: "Mai Jiƙaƙƙiya, yanzu ka bushe."

Aka ɗaura aure ranar Asabar, Kaka ta sa musu albarka da nata bakin da na Rahmatu. Da hutun amarci ya ƙare, shi ya kai ta ƙofar kamfani a babur, bai tafi ba sai da ya ga ta tsaya gaban sikelinta.

Allah ya bar su tare.