Katunan Inna Kadijatu

"Ba ka zuwa, Hafizu! Wallahi ba ka zuwa!"

Na riƙe kan babur ɗinsa da hannu biyu.

"Zahra'u, saki. Rana tsaka ce, za ni in komo kamin la'asar."

Hafizullahi ke nan, wanda aka sa mana ranar aure. Tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Turba muka dawo garin Isa, kakata Inna Kadijatu ta daina cin abinci. Ba gida take wa kuka ba, ba awaki ba. Katunanta ta baro a cikin kwalla: tsofaffin katuna masu hoton sakatariya da kotu da gidan waya, waɗanda marigayi kakana ya riƙa aiko mata daga Kaduna lokacin yana masinja, ya cika bayansu da ajami. Su Hafizu zai je ɗaukowa.

"Takarda ce fa! Ranka za ka bayar don takarda?"

"Tsohuwar ga mutuwa za ta yi muna kallo, masoyiyata..."

Ya ɓamɓare yatsuna ya tafi.

La'asar ta yi, ta wuce. Wayarsa ba ta shiga. Sai ga maƙwabcinmu Bawa ya shigo yana haki, wai an ji harbi a hanyar Turba.

Na zabura. Na ruga ɗakin Inna.

"In ya mutu, ke ce sila!"

Carbi ya faɗi daga hannunta. "Ban aike shi ba, ɗiyata... da na sani da na haɗiye baƙin cikina."

Gab da magariba ya shigo a ƙasa, ba babur, ba takalmi, ƙaya ta yayyaga ƙafafunsa. 'Yan bindiga sun tare hanya, ya yar da babur ya shige gonar dawa da jan ciki.

Na durƙushe gabansa ina kuka.

Ya ciro katunan daga cikin rigarsa, jiƙe da zufa. Inna ta shafa su, ta miƙa masa ɗaya.

"Karanta min."

Ya karanta: "Kadijatu, ginin ga ya fi garinmu girma, amma ni ƙofar ɗakinki nika son gani."

Inna ta daɗe tana hawaye, sannan ta damƙi hannunsa.

"Kada ka sake yin nisa da ita, ka ji? Ni takarda ta rage min. Ban son jikata ta tsufa da takarda."

Ya dube ni, idanunsa jajur.

"Na yi alkawari, Zahra'u."