Baƙin Ruwan da Munzali Ya Aiko

Adila na tsakar gida tana tsintar shinkafa, zafin bazara ya sa har kaji sun buɗe baki, sai aka yi sallama da saƙo daga saurayinta Munzali, mai gidan burodin unguwa: burodi mai ɗumi da fulas guda.

Umma ta tsiyaya a kofi. Ruwa baƙi ƙirin! Ta ɗanɗana, ta tofar.

"Innalillahi! Rubutu ne! Adila, allo yaron nan ya wanko miki?"

"Haba Umma, shayi ne fa..."

"Shayi ba madara ba sukari, ga ɗaci kamar maɗaci? Shi ya sa ba ki da zance sai Munzali. Ashe shanye ki ake yi!"

Kafin la'asar mahaifin Adila, Malam Bunu, ya dawo daga fadama, ya ji, ya yanke hukunci: kada Munzali ya sake tako masa ƙofar gida.

Shayin kuwa yana da tarihinsa. Ya'u, yayan Munzali, ya yi fatauci zuwa Kanton ta ƙasar Sin, inda ya ga mutane na tsayawa bakin titi suna shan wannan ɗaci don su kwantar da zafin jiki. Ya dawo da buhun busassun ganye da saiwoyi, ya koya wa ƙanensa dahuwar. Da ambaliya ta zo, kwalekwale ya kife da Ya'u a kogin Haɗeja, ya rasu. Tun daga nan Munzali ke ɗora tukunyar gefen tanda, ma'aikata su sha, masu sayen burodi su sha. Idan tururin ya tashi, sai ya ji kamar yayan ya fita ne kawai zai dawo.

Adila ta kira shi tana kuka. "Plis Munzali, ka zo ka yi musu bayani!"

"Baba ya ce kar in zo, Adila. In na zo, na nuna musu ba na jin magana. Ki yi haƙuri, Allah na gani."

Kwanaki suka ja, ta rame, amma ba ta ɗaga wa iyayenta murya ba. Kakarta 'Yar'azumi ce ta gaji da ganin haka, ta ɗauki sandarta sai gidan burodi.

"Kai angona! Kai ne bokan?"

Ya durƙusa. "Ina wuni, Kaka."

"Riƙe gaisuwarka. Dafa min a gabana."

Ya zazzage buhun a faranti. Ta shinshina ganye, ta ɓalli saiwa ta tauna, ta murza busassun furanni. Ya zuba ruwa, ya rage wuta, suka zauna har ruwan ya ja baya ya yi baƙi. Shi ya fara sha, sannan ya miƙa mata.

Ta kurɓa, fuskarta ta yamutse. Can sai ta lashi leɓe.

"Ja'iri! Ai wannan ɗan'uwan sabara ne! Daga baya ma har da ɗan zaƙi a maƙogwaro. To me ya sa ka aika mana?"

Idanunsa suka cika. "Na ga Baba na yini a rana ne. Kuma daga cikin ɗan ragowar da Yaya ya bari ne, Kaka. Ba ni da abin da ya fi shi daraja."

Tsohuwa ta goge ido da bakin mayafi.

"Allah Ya jiƙan Ya'u. Amma kai ma da sakarci! Wa ya ce maka ana aika baƙin ruwa gidan surukai babu baki?"

Ta koma ta tara ɗanta da matarsa. "Bunu, na ga tukunya, na ga ganye, ban ga allo ba. Yaron da ka kora bai ƙetare maganarka ko sau ɗaya ba. Mai asiri yana da wannan kunyar?"

Umma ta sunkuyar da kai. "Astagfirullah. Na ɗauki alhakin bawan Allah."

Malam Bunu ya yi gyaran murya. "A gaya masa ya turo magabatansa. In an yanke shinkafa sai a ɗaura."

Adila ta rufe fuska da hijabi ta gudu ɗaki, dariya da hawaye suna rige-rige.

Ya ku iyaye, ku bincika kafin ku yanke, don zato zunubi ne. Ku kuma samari da 'yammata, ku riƙe haƙuri da biyayya. Wanda ya jira a bakin ƙofa da ladabi, da hannu biyu ake buɗe masa.