Muryar Fanta a Cikin Akwati

Rana ta gama sauka bayan duwatsun Birni, inuwa ta cinye tsakar gida, lokacin da Safiyanu ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar ɗaki kamar yadda ya saba. Kaji sun shige akurki. 'Yarsa Shatu, ita kaɗai ta rage masa a gidan, tana tsugune bakin murhu tana tuƙa tuwo. A cikin ɗaki, can saman bango, wani ɗan farin akwati mai ƙaho biyu yana ƙyafta koren ido.

Akwatin wifi ne, amma ba irin na kowa ba. Ɗan Azumi, wani Bakano mai shagon kayan salula a kasuwa, shi ya cusa wa Safiyanu shi da daɗin baki. Ya ce wannan ba rezon intanet kaɗai yake rabawa ba, rumbu ne da shi a ciki: duk salular da ta shigo gidan, hoto ne ko saƙon murya, sai ya kwashe ya adana ba tare da an sa shi ba. Safiyanu ɗan fataucin gero da gyaɗa ne, ba ruwansa da ƙyale-ƙyale, ya saya ne don Shatu ta daina zuwa maƙwabta neman rezon karatu. Matarsa Fanta ta yi ta yi masa dariya, wai ya kawo mata kishiyar da ba ta cin tuwo sai kuran, wutar lantarki.

Da Fanta ta rasu, ba a daɗe ba aka zare masa salula a kasuwar Gidimuni. Ya dawo gida kamar an sake yi masa rasuwa, don duk saƙonnin da take aika masa in yana kan hanya suna ciki. Shatu ce ta haɗa sabuwar salular da akwatin, sai ga su nan duka, ko ɗaya bai ɓata ba. Ranar Safiyanu ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba.

Daga nan abin ya zame masa abinci. Kowace yamma, tsakanin faɗuwar rana da kiran salla, sai ya zauna ya buɗe murya. "Maigida, in ka biyo ta Dakusa ka riƙo mini daddawa." "Maigida, an ɗauke kuran tun safe, Shatu ta ƙi cin abinci." Maganganun banza ne na yau da kullum, amma shi sun fi masa waƙa. Yayarsa Gambo ta sha faɗa masa cewa magariba lokacin rufe ƙofa ne da shigar da yara, ba lokacin fito da matattu tsakar gida ba. Ya ce mata to, kuma bai daina ba.

A wannan yammar bai kai ga taɓa salular ba, tana aljihu. Sai murya ta taso daga bayan katanga, ta wajen tsohuwar rijiyar da aka daɗe da binnewa, a hankali, da ɗan jan maganar nan irin na Fanta.

"Shatu."

Duk ɗan da aka haifa a Damagaram ya san ba a amsa kiran magariba sai an ga mai kiran. Shatu ma ta sani. Amma yarinyar da kunnenta ya saba da muryar uwarta a daidai wannan lokaci, kullum, ina za ta tsaya tunani? Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Na'am, Inna."

Muciya ta tsaya a hannunta. Dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki, wani ya biyo shi, sannan aka yi shiru irin wanda ko kukan jaki ba ka ji a unguwa. Safiyanu ya fita da gudu ya zaga bayan gida, bai ga kowa ba sai ƙasa da ƙaya. Da ya dawo ya tarar tuwo na ƙonewa, Shatu na zaune a kan kujerar uwarta, ta ɗaura ɗankwali irin ɗaurin uwarta, tana kallonsa.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. Da safe Shatu lafiya lau, sai ciwon jiki da rashin tuna komai. Rana na yin ja, duwatsu su fara sauka, ƙanana, masu ɗumi kamar an tsamo su daga toka. Sai ta bar abin da take yi ta koma kujerar nan. Aka kai ta likita, aka auna, aka ce ba a ga komai ba. Ta daina zuwa lakwal, karatu ya tsaya. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo, maƙwabta suka fara janye yaransu daga ƙofar gidan.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, in ta hau kujerar, da muryar Fanta take magana, kuma ba tsofaffin maganganun cikin akwati ba. Sababbi. Ta tambaye shi kasuwa, ta yi masa tsiyar furfurar da ta fito masa a gemu. Safiyanu ya san ba Fanta ba ce, ya sani sarai, shi ya sa ta a kabari da hannunsa. Duk da haka sai ya ga ya fara baro kasuwa da wuri. Maganar neman malami kuwa kullum gobe.

Gambo ce ta gaji. Ta zo daga Gafati ba sallama mai tsawo, ta dubi yarinyar, ta dubi ƙanenta, ta gane abin da ke nan.

"Safiyanu, kana gani da idonka yarinya na ƙarewa, kai kana hira?"

"Yaya, ina nema…"

"Rufe mini baki. Gobe Malam Abdulmumin zai zo."

Malam Abdulmumin tsoho ne siriri, mai ƙaramar murya, bai zo da komai ba sai buta da carbi. Ya iso bayan la'asar, ya zauna a tsakar gida ya ƙi shan ruwa, ya jira rana ta yi ja. Dutsen farko na faɗowa ya fara karatu. Gambo ta riƙe kafaɗun Shatu. Karatu ya yi nisa, yarinyar ta fara karkarwa, ta toshe kunnuwa, ta yi wata ƙara da ta sa kaji hargitsi a akurki. Sannan ta natsu, ta gyara ɗankwali.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Matar gidan."

"Matar gidan na kabari. Wace ce ke?"

Aka yi dariya ta bakin Shatu, busasshiya, ba ta Fanta ba. "A rijiyar baya nake tun ba a aza tubalin gidan nan ba. Ban taɓa kowa ba. Maigidan ne ya kira. Kullum lokacin fitarmu sai ya saki muryar mace a tsakar gida, ga murya ba mai ita. Na saurara har na haddace. Na ga gurbi, na kira, aka amsa."

"Za ki fita."

"A tambayi maigidan in yana so in fita."

Malam bai juya ba, ya ci gaba da karatu, ya tofa a ruwa ya yayyafa. Ta yi ta murɗewa tana kuka, ta ce a yanka mata jan akuya ta tafi. Malam ya ce ko gashin akuya ba za ta samu ba. Ta ce to a bar mata yammar Alhamis kaɗai. Ya ce ko ƙiftawar ido. Sai ta juyo da fuskar yarinyar wajen Safiyanu, muryar Fanta ta dawo, da taushi kamar tana gefensa a kan tabarma.

"Safiyanu."

Shekarun da suka yi tare, Fanta ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a faɗa ko a wasa, kunya irin ta matan da. Ya sha tsokanarta ta faɗa sau ɗaya, ta rufe fuska ta gudu. Yau ga shi ya ji, kuma ya ji daɗinsa, wannan ne abin da ya fi ba shi tsoro.

"Safiyanu, korata za ka sa a yi? Yarinyar ba ta jin zafi. Barci take yi."

"Dubi hannunta," in ji Gambo cikin kuka. "Dubi hannun 'yarka."

Ya duba. Hannun ya zama kara, awarwaron uwarta na yawo har gwiwar hannu. Ya juya wajen Malam. "Allah gafarta Malam, a fitar da ita."

Fuskar ta murtuke. Muryar rijiya ta dawo. "To zan tafi. Amma in ba ni, ba muryar Fanta. Muryar nan rigata ce yanzu. Muddin tana cikin gidan nan, a akwati ko a salula, ƙofata a buɗe take."

Malam Abdulmumin ya daɗe yana jan carbi. "Irinsu maƙaryata ne," ya ce, "amma wannan ta faɗi gaskiya. Ba don ita za ka yi ba, don 'yarka. Sauko da akwatin."

"Malam, ko guda ɗaya in rage. Gajere. Wanda take cewa in riƙo daddawa."

"Guda ɗaya ya ishe ni," in ji bakin Shatu.

Gambo ta karɓi salularsa da ta yarinyar, ta jefa a turmi. Safiyanu ya shiga ɗaki ya taka kujera, ya zare waya, koren idon ya mutu. Akwatin ba shi da nauyi ko kaɗan, da ɗuminsa kamar ƙwai. Ya sa shi a turmi, ya ɗaga taɓarya. Ba wanda ya taya shi, don Malam ya ce shi ya buɗe, shi zai rufe. Ya daka har sai da ba a iya bambanta komai da komai, aka kwashe aka watsa a wuta, warin roba ya cika unguwa.

Malam ya sa ta rantse ba za ta dawo ba, ta rantse. Shatu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin goggonta. Daga masallacin unguwa aka kira salla. Dutse bai ƙara faɗowa a gidan ba.

Shatu ta warke a hankali. Ta fara cin tuwo, ta koma lakwal, kumatunta suka ciko. Mutane suka yi ta zuwa barka, Safiyanu na amsawa da alhamdu lillahi, kuma da gaske yake. Sai dai yamma ta zame masa azaba. Ya zauna kan tabarma ba abin saurare, ya yi ta ƙoƙarin tuno yadda Fanta ke jan magana, abin na zame masa. Kalmomin na nan, sautin ya tafi. Ya koma wajen Ɗan Azumi ko akwai dabara, Bakanon ya ce rumbun da aka daka aka ƙona sai dai haƙuri.

Wata yamma, rana ta yi ja, Shatu na cikin ɗaki da mura ta shaƙe mata murya. Ta yi kira daga ciki, muryar ta fito a dushe, ƙasa-ƙasa. Safiyanu bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya bankaɗe labule, fuskarsa cike da murnar da ba a gani ba tun ranar turmi.

Yarinyar na zaune bakin gado da kofi a hannu, ruwan zafi take so. Ta ga murnar, ta kuma ga yadda ta zube daga fuskarsa da ya gane. Goggonta ta riga ta ba ta labarin komai. Suka daɗe suna kallon juna.

"Baba," ta ce, "ni ce. Ni ce kawai."

Ya ɗora mata ruwan da kansa, ya kawo, ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Da Gambo ta zo ranar kasuwa, Shatu ta haɗa kayanta a ɗankwali ta ce za ta bi ta Gafati, ta gama karatun a can. Safiyanu ya raka su tasha, ya riƙe mata ƙunshin har mota ta cika. Bai ce ta zauna ba, don ya san abin da yake jira kowace magariba, ya kuma san ta bakin wa zai fito.