Dariyar da Ta Ƙi Fitowa

"Ki yi dariya mana!" darakta ya daka tsawa ta bayan gilashi. "Karo na sha biyu ke nan!"

'Yar Fara'a ta buɗe baki, sai ga hawaye. Ita da masu kallo suka raɗa wa wannan suna, yau dariya ta gagare ta.

Ƙarar janareta ce ta ɓata sautin ƙarshen fim ɗinsu na soyayya da barkwanci, dole suka dawo situdiyo sake ɗora murya. A allo ga Dogo, jarumin fim ɗin kuma masoyinta, durƙushe da zobe, wandonsa ya yage, tana ta ƙyalƙyala masa dariya. A zahiri kuwa ga shi tsaye a gefenta, wata guda rabon da ta kula shi.

"Sanyin idona..." ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Kada ka sake kirana haka!"

Laifinsa wani guntun bidiyo ne marar sauti da ƙanwar furodusa ta turo mata: Dogo durƙushe gaban ita ƙanwar furodusan da zobe, ba cikin kayan fim ba. Da Umma ta gani cewa ta yi, "Ban faɗa miki ba? Ɗan fim ai durƙuso sana'arsa ce." Ranar ta mayar masa da zoben alkawarinsu, ta toshe lambarsa. Son kuwa yana nan daram, yana cin ta a rai.

"Idan ba za ta iya ba, ai ni ina nan," in ji ƙanwar furodusa daga gefe, tana gyara mayafi. "A ɗora muryata a kan fuskarta."

Zuciyar 'Yar Fara'a ta yi zafi. Wato ta ƙwace masoyi, yanzu kuma murya!

Mai haɗa sauti, dattijon da bai taɓa goge sautin da ya ɗauka ba, ya ce, "Ku dakata. Bari in duba sautin gwaji, ko na tsinci tsohuwar dariyarta."

Ya danna wani. Muryar darakta ce ta fara fitowa: "Jarumar ta makara. Ke, tsaya a wurinta mu gwada fitila. Dogo, durƙusa."

Sai muryar ƙanwar furodusa, a marairaice: "Ka saka min zoben mana, ko da wasa ne..."

"Ki yi haƙuri," in ji Dogo. "Hannu ɗaya na yi wa alkawari, mai shi kuma tana hanya."

Ƙanwar furodusa ta suri jakarta, ko sallama babu.

'Yar Fara'a ta juyo wajen Dogo, kunya da nadama sun rufe ta.

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Ta ina, Sanyin idona? Sau uku ina zuwa, Umma na cewa kina barci."

"Ka yafe min..."

"Umma fa?"

"Da kaina zan kai mata sautin nan."

Ya zaro zoben daga aljihu ya durƙusa. Gwiwarsa ta harɗe wayar makirufo, makirufon ya faɗo masa a ka, ƙwal!

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin kumatunta.

Dattijo ya ɗaga hannu ta bayan gilashi.

"Na ɗauka. Darakta, ga dariyarka nan."