Gurbin Da Ta Rubuta Babu

Koren fayil ɗin da ta hango a hannunsa shi ya tsayar da ita cak a tsakiyar barandar asibiti, da tiren magunguna a hannunta.

Ta san fayil ɗin nan. Ita ta saye shi, kuma wata huɗu ke nan tana ɓoyon sa a ƙasan akwati kamar kayan sata. Duk duniya babu hannun da take gudun ya shiga sai wannan hannun.

"Likitata, sannu da aiki," in ji Mai Hoto.

Haka yake kiranta tun tana makarantar koyon jinya, duk da ya san nas ce, kowa ma Nas yake ce mata. Shagonsa na tsallaken titi, daura da ƙofar asibiti. Injin kwafi ɗaya ne a ciki, sai kwamfuta, sai farin ƙyalle a bango na ɗaukar hoton fasfo. Shekara uku suna tare, maganarsu har ta je gaban manya.

"Ya... ya aka yi wannan ya zo hannunka?"

"Ƙawarki ta kawo da safe. Ta ce kwafi bibbiyu kike so, da gaggawa."

Ƙawar tata, abokiyar aikinta da ake kira 'Yar Kwalisa, ita ce jiya ta karɓi fayil ɗin tana cewa, "Kawo in kai miki can bayan kasuwa, inda ba wanda ya san ki." Ashe bayan kasuwar tata tsallaken titi ne!

"Na yi kwafin," ya ce, murya a sanyaye. "Hoton da kika manna akwai inuwa a bayan kanki, za su dawo miki da shi. Ban san wa ya ɗauke ki ba, amma bai iya ba. Na cire na sa wanda na ɗauka miki bara. Shafi na tara kuma kin manta sa hannu."

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Wanda ya kai shafi na tara ai ya wuce ta shafi na huɗu.

Ga yadda abin ya faro. Wani asibiti a ƙasar waje ne ya ba ta aiki na shekara biyar. Wakilin biza ya shimfiɗa mata fom na biza iri biyu a kan teburinsa. Ɗaya ta mutum ɗaya ce, wata uku ta fito, amma wadda ta tafi da ita ba ta da ikon ɗauko kowa sai wa'adinta ya cika. Ɗayar ta iyali ce, sai da takardar aure, sai an binciki miji da abin da yake yi, takan ci shekara da rabi, asibitin kuma bai yi alkawarin jira ba. A shafi na huɗu na kowane fom akwai gurbi na sha bakwai: "Kina da miji, ko wanda za ki aura, da zai biyo ki? Rubuta sunansa da sana'arsa."

Nas ta ɗauki fom ɗin mutum ɗaya, ta rubuta BABU, da manyan baƙaƙe.

Ta dawo ta kalli tsabar idon Mai Hoto ta ce ta iyali ta nema, takardar aure kawai za a kai daga baya. Bawan Allah ya sayi ɗan littafin koyon harshen mutanen can, ya manna wa injinsa takardar "na sayarwa", kullum da azahar yana hadda yana karya harshe tana masa dariya.

In za a faɗi gaskiya, ba sauri kaɗai ya sa ta ba. Kalmar nan ce, sana'arsa. Tana riƙe da biro muryar Mama ta faɗo mata: "Mai manna hoto? Ki je ƙasar mutane a tambaye ki aikin mijinki, ki ce me?" Ga 'Yar Kwalisa a gefe tana hura wuta: "Ki tafi tukuna ƙawata, namiji ai ba ya ƙarewa." Kunyar rubuta sana'arsa ta ji, ita da kuɗin wannan injin ya sha sauke mata nauyi tana ɗaliba.

"Don Allah ka tsaya in yi maka bayani..."

"Kin san ba na karanta takardun mutane," ya katse ta. "A kife nake ɗora su. Amma injin nan a buɗe yake fito da takarda. Sau biyu ya nuna mini."

"Masoyi..."

"Kin san jimlar farko da na haddace a littafin nan? 'Matata tana aiki a asibiti.' Na iya ta sosai, ko a barci aka tashe ni."

Ya ɗora fayil ɗin a gefen tirenta a hankali, kamar mai gudun kada ya tashi maras lafiya.

"Allah ya sa ki samu. Da gaske nake."

Da zaginta ya yi, da ta samu abin riƙewa. Da ya yaga takardun, da ta ce ai shi ma ya yi nasa. Amma mutum ya gyara maka wuƙar da ka soke shi da ita ya miƙo maka, ina za ka sa kanka? Ta bi bayansa da kallo har ya tsallaka titi, bai waiwayo ba.

A ɗakin canza kaya ta tarar da 'Yar Kwalisa tana gyara jan baki.

"Me na yi miki? Me na yi miki da za ki tona mini asiri?"

"Au! Ni na rubuta babu?" Ko juyowa daga madubi ba ta yi ba. "Kwafi kika ce, na kai inda aka iya kwafi. Abin da kika zubar kuma, ƙawata, in wani ya tsinta ai ba sata ya yi ba."

Nas ta ja jakarta ta fice. 'Yar Kwalisa makira ce, amma wannan karon ba ta yi ƙarya ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

A gida Mama ta same ta kwance da kayan aiki a jikinta, filo ya jiƙe.

"Kukan me kike? Allah ne ya cire miki ƙaya ba tare da kin sa allura ba. In kin je can likitoci za ki gani, ki zaɓa ki darje."

"Mama, ƙarya na yi masa. Wata huɗu!"

"To ai ta ƙare. Tashi ki ci abinci."

Ba ta ƙare ba. Kwana tara Nas tana shiga asibiti ta ƙofar baya, inda ake fitar da shara, don kada ta bi ta gaban shagon. Ta tagar ɗakin yara takan leƙa. Ta ga ya cire takardar "na sayarwa" daga jikin injin. Ta ga ɗan littafin nan ya zama abin tokare ƙofa. Ta kuma ga 'Yar Kwalisa tana tsallaka titi da kular abinci, tana taku ɗai-ɗai. Kishi ya ci ta, amma kunya ta fi kishin ƙarfi, don ba ta ga bakin da za ta yi magana da shi ba.

Rana ta goma ta kai fayil ɗin ofishin wakilin biza. Mutumin ya gyara tabarau yana buɗe shafuka, yana gyaɗa kai.

"Kai! Wa ya shirya miki wannan? Shekara goma sha biyu ina aikin nan ban ga fayil mai tsari haka ba. Dubi hoto, dubi yadda ya jera komai, har da 'yar alama a inda za ki sa hannu. Wannan ko ɗan uwanki ne, ko mai son ki."

Sai ga hawaye shar a kan teburin mutane.

"Subhanallahi! Malama, lafiya?"

"Ɗaya fom ɗin nake so."

"Na iyali? Ba ke kika ce babu ba?"

"Akwai."

Ya cire tabarau ya dube ta da kyau.

"Bari in gaya miki tsakani da Allah. In kika canza, kin koma ƙarshen layi. Asibitin can na iya ba wata gurbinki. Kuma za su ga kin taɓa cewa babu, sai kin rubuta musu dalili da hannunki."

"Zan rubuta. Zan ce ƙarya na yi."

"Shi mutumin ya yarda?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ban sani ba. Ko gaisuwata ban san zai amsa ba."

A gaban Mama ta cike shi, a kan teburin falo. Mama ta yi faɗa, ta yi rarrashi, ta kira ta mai kunnen ƙashi. Da biro ya iso gurbi na sha bakwai Nas ta ɗago.

"Mama, ranar da Baba ya kwanta a asibiti, wa ya rufe shagonsa kwana shida yana jinya tare da mu? Lokacin ba ki ce masa mai manna hoto ba. Ɗana kika ce."

Mama ta kama gyaran mayafin da ba abin da ya same shi. Can ta ce, "Ke kika sani." A bakin Mama kuwa, wannan kusan sa albarka ne.

Da la'asar shagon a cike yake, ɗalibai da masu neman aiki kowa da takardunsa. 'Yar Kwalisa na zaune a kujerar ɗaukar hoto, ƙafa ɗaya kan ɗaya, kularta a gefe ko buɗewa ba a yi ba. Nas ba ta tsallake kowa ba. Layi ta bi, har aka zo kanta.

"Kwafi ɗaya. Shafin nan kawai."

Bai kalli fuskarta ba. Ya karɓa, ya kife a kan gilashi yadda ya saba, ya danna. Haske ya wuce. Injin ya yi ƙugi ya turo takardar a buɗe.

Sunansa ne cikakke. A ƙasa kuma, da baƙaƙen da suka fi na wancan karon girma: MAI SHAGON HOTO DA KWAFI.

Ya daɗe yana kallon takardar.

"Wannan fom ɗin shekara da rabi yake ci," ya ce.

"Na sani."

"In asibitin bai jira ba fa?"

"Ga asibiti nan a tsallaken titi."

"Kin san abin da ya fi ƙona ni? Ba tafiyar ba ce. Da kin ce mini ke kaɗai za ki, wallahi da ni zan ɗaukar miki akwati, in zauna in ƙirga shekara biyar. Amma ki bar ni ina karya harshe, kina dariya..."

"Kunyar sana'arka na ji." Ta faɗe shi da ƙarfi, har ɗaliban suka juyo. "Ba sauri ba ne, ba Mama ba ce, ba ƙawata ba ce. Ni ce. Na ji kunyar abin da ya rufa mini asiri, yanzu kuma kunyar kaina ta hana ni barci. Ka yafe mini, ko ba za ka dawo ba. In ka ce a'a, zan yaga shi, amma ba zan sake rubuta babu ba."

'Yar Kwalisa ta yi tsaki.

"Wasan kwaikwayo!"

"Malama," ya ce da ita, ba tare da ya ɗauke ido daga takardar ba, "tashi daga kujerar nan, aiki za a yi. Ki tafi da kularki, yau ma na gode."

Ta fice fuu, ƙofa ta bugi ɗan littafin nan ya faɗo tsakar shago. Ya sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe ƙurar da gefen rigarsa, ya ɗora a kan injin.

"Fom ɗinki bai cika ba," ya ce. "Ba takardar aure."

"Wannan kai za ka zo gida ka nema. Mama ta ce ni na sani."

"Ta faɗi haka?" Gefen bakinsa ya motsa. "Lallai an ci gari. Sai kuma nan, wurin hoton miji, ba kowa."

Ya ciro kyamara daga wuyansa ya rataya mata, ya je ya zauna a gaban farin ƙyallen, ya gyara wuyan riga. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

Ta ɗaga kyamarar ta danna. Ya karɓa ya duba, ya girgiza kai.

"Inuwa. Ke ma ba ki iya ba, Likitata."

Jin sunan nan ya sa kukan da take dannewa ya ƙwace mata.

"Share idonki ki sake," ya ce, ya koma ya zauna. "Shekara da rabi gare mu, za ki koya."