Idon Saman Bene

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Tica ya hau saman bene da kwali na ƙarshe. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa yaran sakandare yadda duniya ke juyawa, da alli da wata tsohuwar ƙwallo, har ya yi ritaya sunan bai sake shi ba. Matarsa ma Tica take ce masa. Duk abin da ya koyar game da sama, a hoto ya gan shi. Shi ya sa da babban ɗansa ya aiko masa da madubin hangen taurari, mai mazauni da injin da ke juya shi, dattijon ya kasa zaune ya kasa tsaye.

Auta ce ta taya shi haɗawa. Ita ce ƙaramarsu, ɗaliba a jami'a, ta zo hutu, kuma kaf gidan ita kaɗai ke sauraron dogon bayaninsa ba ta yi hamma ba.

Wuri ɗaya ne a saman benen ake iya hango tauraron arewa, wanda sai an saita gindin na'urar da shi kafin ta iya bin sauran. Wani lungu ne bayan tsohon tankin ruwa, inda aka jibge karyayyun kujeru da ruɓaɓɓun tabarmi, ba mai leƙa shi. Tica ya kwashe tarkacen ya share. Ya ji wurin da sanyi kamar gindin randa, alhali simintin ko'ina ya sha rana, amma ya ce inuwar tanki ce.

Suka buɗe ƙafafun ƙarfe uku na na'urar, suka yi ta ɗaga wannan suna sauke wancan har ɗigon iskar da ke cikin ma'aunin daidaito ya tsaya a tsakiya. Suka ɗora mazaunin, suka ɗaure bututun madubin. Tica ya rinƙa matsar da dunƙulen ƙarfen da ke ɗaya ɓangaren, kaɗan-kaɗan, har nauyi ya daidaita, ko yatsa ka sa sai bututun ya juya.

"Tica!" muryar Mama daga ƙasa. "Almuru ta yi, ku sauko. Taurarin nan ba guduwa za su yi ba."

"Ai guduwar suke yi," ya amsa yana dariya. "Shi ya sa aka yi musu inji."

"To, injin ya yi maka salla."

Bayan isha'i suka koma. Ya durƙusa ya saita gindin da tauraron arewa, Auta ta jona batir, ta danna kwanan wata da lokaci a rimot. Suka nuna wa na'urar manyan taurari biyu don ta gane inda take. Daga nan injin ya kama wani siririn gurnani, bututun ya shiga tafiya a hankali, tafiyar da ido ba ya kamawa, yana riƙe da tauraro a tsakiyar gilashi kamar an kafe shi da ƙusa. Tica ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago, idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Zo ki gani, Auta."

Ta sa idonta na dama. A lokacin ne gurnanin ya sauya. Ba wanda ya taɓa rimot, amma bututun ya saki tauraron ya zabura sama, zuwa wani fili baƙi ƙirin inda babu komai, ya kama bin wani abu da sauri. Auta ba ta janye ba, ta bi shi da kai kamar an manne ta. Sai wani tsinken wuta ya keto sama ta daidai wurin ya mutu. Daga bayan tankin, kusa da ƙafafunsu, wani abu ya faɗo da nauyi, aka yi wani nishi irin na yaro.

Tica ya haska fitila. Siminti ne kawai.

"Ina jin kwanan wata muka sa ba daidai ba," ya ce. Auta ta ja da baya. Tafin hannunta na kan idonta.

Washegari da magariba aka fara jifan. Dutse na farko ya sauka a rufin kwanon kicin, Mama ta fito tana faɗan yaran maƙwabta. Na biyu a gabanta ya sauka, a tsakar gida, kuma ba daga waje ya zo ba, daga saman benensu ya zo. Tica ya ɗauka ya yi saurin yarwa, don zafi ne da shi kamar an ciro daga murhu. Haka aka rinƙa yi kullum: da rana gida lafiya lau, da zarar haske ya fara tsinkewa sai duwatsu, daga baya sai tafiya a kan matakala, tafiyar mai jan ƙafa, ta hau ta sauko ba ta isowa ƙasa. Wani lokaci sai a ji kamar mace tana rarrashin jinjiri can sama.

Tica ya cire batir ya kulle shi a durowa. Da daddare, daga kan gadonsa, ya ji gurnanin injin yana ratso rufi.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya sami Auta. Idonta na dama ya daina gani, ya kuma daina ƙiftawa. Likitan ido ya haska, ya auna, ya ce shi bai ga ciwo ba. Da rana tana ɗan magana, tana shan ruwan shayi. Amma duhu na shiga sai ta zauna a tsakiyar gado, ta ɗaga fuska ga silin ta ɓangaren gabas, ta ƙame. Mama ce ta fara lura cewa ba a ƙame take ba. Kan yana tafiya. Tica ya zauna ya tsura mata ido, ya ga haɓarta tana matsawa daga saitin ƙusar labule zuwa saitin fanka, a hankali, da saurin da ya sani sarai, saurin da ya koyar da shi shekara da shekaru. Kafin asuba fuskarta ta kai yamma, wuyan ya murɗe har jijiyoyi sun fito, idon nan a buɗe yana zubar da ruwa. Ya taɓa sa hannu biyu don ya tsayar da kan. Sai ya ji kamar yana ƙoƙarin tare gini.

"Ka gama lissafin?" Mama ta tambaye shi wata safiya, a hankali, ba da faɗa ba. "In ka gama, ni zan je in kira Malam."

Tica ya miƙe. Shi ya ɗauko mukullin mota.

Malamin dattijo ne siriri, mai ƙaramar murya, ya yi suna wajen yi wa masu irin wannan lalura karatu. Bai zo da komai ba sai gorar ruwa. Ya saurari labarin duka, har da bayanin yadda injin ke aiki, ya yi tambayoyi kamar ɗalibi. Sannan ya ce a jira almuru.

Da hasken taga ya koma toka-toka, dutse ya sauka a kwano, kan Auta ya tashi. Mama ta riƙe ta ta baya. Malam ya zauna kusa da kunnenta ya fara karatu, a nitse, ba ɗaga murya. An daɗe ba abin da ya motsa. Can yatsun ƙafarta suka fara karkarwa, karkarwar ta hau jiki, bakinta ya buɗe. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a dishe, kamar ta kwana tana kuka.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Na riga su zama a gidan nan. Ban taɓa taɓa musu ko cokali ba."

"To me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ta nuna ɗana." Kan ya juyo, karo na farko da ya bar hanyarsa, idon ya sauka a kan Tica. "Yaro ne, ba ya jin magana. Ya hau sama sauraren abin da ba a ba shi ba. Ya saba hawa yana dawowa. Sai wannan ya kafa ido a ɗakina, idon da ba ya ƙiftawa, ya bi shi, ya bi shi, har masu tsaro suka gan shi suka jefe shi. Da idonta aka gan shi. Idon nake so. Na riga na kama, saura in cire."

Mama ta saki wani sauti ta ƙanƙame 'yarta.

"Ba gilashi ne ya tona asirin ɗanki ba," Malam ya ce. "Masu tsaron sama ba su jiran ɗan'adam ya nuna musu. Kin san haka tun kafin a haifi kakan mai gidan nan."

Tica bai san lokacin da ya zube gwiwa biyu ba. "Baiwar Allah, ni na kafa shi. Ni na ce ta leƙa. In ido ne, ga nawa, na gama amfani da shi..."

"Yi shiru, Tica!" Karo na farko da Malam ya ɗaga murya ke nan. "Ba a ciniki da abin da aka ba ka amana. Ba naka, ba nata."

Ya ci gaba da karatu, ya tofa a ruwan ya yayyafa mata. Jikin ya banƙare. Muryar ta yi ihu, ta yi zagi, sannan ta sauko ta ce to a yanka mata baƙar dabba a saman benen, ta haƙura. Malam ya ce ko ɗigon jini ba za ta gani ba. Ta ce to a bar mata yarinyar dare ɗaya a kowane wata. Ya ce ko ƙiftawar ido. Ya ɗaga gorar zai ƙara, sai muryar ta karye, ta koma wata iri, har tsigar jikin Tica ta tashi, don ya san wannan muryar: irinta ya ji a bakin Mama a daren jiya, tana kuka a kan 'yarta.

"Yana kwance a can. A ƙone. Ƙafar ƙarfenku tana kan shimfiɗarsa, ta danne shi, na kasa ɗaga shi in kai shi wurin danginmu. Ina ta jifa, ina ta jifa, ba wanda ya hau."

Malam ya sauke gorar.

"In an ɗauke," Malam ya ce, "za ki saki idon, ki fita, ki bar gidan nan, ba ke ba dawowa?"

"Na yi alkawari."

"Da sunan wanda ya halicce ki."

Ta rantse.

Malam ya dubi Tica. "Hannun da ya kafa shi zai cire. Ka yi bisimilla, kada ka kunna fitila, kada ka waiwaya."

Tica ya hau matakalar. Sama ta cika da taurari, bai ɗaga kai ba. Bututun na nan yana tafiyarsa ba batir, ƙarfen ya yi sanyi har yana cizon hannu. Ya lalubi maɗaurin ya kwance, ya rungumi madubin ya ajiye gefe. Sai da ya zare dunƙulen ƙarfen sannan gurnanin ya mutu. A cikin shirun nan ya ji numfashi, gajere, mai wahala, daga saitin ƙafar da ke jikin tanki, da wani ƙauri kamar na gashin da ya taɓa wuta. Ya sauke mazaunin. Ya kama ƙafafun uku zai ɗaga, ta jikin tankin ta ƙi, kamar an dasa ta. Ya sake yin bisimilla, ya ce a hankali, "Yi haƙuri, yaro," ya ja. Ta taso. Wata iska mai ɗumi ta wuce ta gefen kunnensa, ganyen bishiyar maƙwabta ya kaɗa sau ɗaya ya tsaya.

A ƙasa ya tarar Auta ta yi wata doguwar atishawa ta sulale jikin uwarta. Idanunta biyu a rufe. Mama na shafa fatar idon da yatsa, tana kuka ba sauti.

Ba a sake jifa ba. Da safe Malam ya rufe mata idon hagu ya ɗaga yatsu, ta faɗi adadinsu daidai. Wuyan ne ya daɗe yana ciwo.

Da hantsi ta fito tsakar gida ta sami mahaifinta a kan tabarma, yana goge sassan na'urar yana mayar da su kwali ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna kusa da shi, ta ɗauki rimot ta naɗe masa wayar.

"Baba, duk abin da tsohuwar nan take ji ina ji," ta ce. "Ban iya magana ba ne kawai."

"Ya wuce, Auta. Kada ki tuna."

"Lokacin da ka ɗaga ƙafar, ta ɗauke shi. Na ji nauyinsa a hannuna." Ta dubi tafukanta. "Ba su kai wurin dangin ba, Baba. A hanya ya cika."

Tica ya tsaya da tsumma a hannu. Daga kicin Mama na tambaya ko a ƙara musu shayi.